Su Wa Ke da Gidajen Talabijin? Tambayoyi da Amsoshi kan Babakeren Manyan Kamfanoni

Mai kallo yana sanin fuskar mai karanta labarai, yana gane tambarin tasha tun daga nesa, amma da wuya ya san wanda ke biyan albashin ma'aikatanta. Ga tambayoyin da aka fi yi game da yadda gidajen talabijin ke ƙara komawa hannun kamfanoni ƙalilan. Misalan Amurka za su fi yawa, saboda can ne ake bayyana cinikin a fili, kuma kamfanoninta ne ke sayar wa duniya shirye-shirye, amma matsalar ba ta ƙasa ɗaya ba ce.

Me ake nufi da tattaruwar mallaka a harkar talabijin?

Ana nufin tashoshi da yawa, ko kaso mai tsoka na masu kallo, su koma ƙarƙashin kamfani ɗaya ko kamfanoni 'yan kaɗan. Wani kamfanin takwarorinsa yake saye, tasha bayan tasha, har ya tara ɗari ko ɗari biyu. Wani kuma kowane mataki na sana'ar yake riƙewa: shi ke da wurin shirya fim, shi ke da tashar da za ta nuna, shi ke da wayar da za ta kai hoton cikin gida. Comcast a Amurka haka yake tun da ya karɓi ragamar NBCUniversal a 2011.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne kamfanin da ainihin sana'arsa ba yaɗa labarai ba ce, sai ya sayi gidan talabijin ya ajiye a gefe. General Electric, mai ƙera injinan jiragen sama har da na yaƙi, shi ya mallaki NBC tun daga 1986, ya riƙe ta shekara 25. A Faransa, kamfanin gine-gine na Bouygues ne ke riƙe da TF1 tun da gwamnati ta sayar da ita a 1987. Irin waɗannan kamfanoni kullum suna da kwangila ko lasisi a gaban gwamnati, kuma ɗakin labaransu ne ya kamata ya sa wa gwamnatin ido.

Ga tashoshi ɗaruruwa a kan dikoda, ina babakeren yake?

Sunayen ne suke da yawa. In ka bi diddigin kowanne, sai ka iske gida ɗaya suke komawa. ABC, ESPN, FX da National Geographic duk na Disney ne. CBS, MTV, Nickelodeon da Comedy Central na Paramount ne, haka ma Channel 5 ta Birtaniya da Network 10 ta Ostareliya. Lokacin da aka haɗa WarnerMedia da Discovery a 2022, CNN, HBO, Cartoon Network da Discovery sun zama 'yan ɗaki ɗaya. Kana iya shafe awa guda kana sauya tasha ba ka fita daga hannun kamfanoni huɗu ko biyar ba.

Ɗan jarida Ben Bagdikian ya ƙirga a 1983 cewa kamfanoni kusan 50 ne ke juya mafi yawan kafafen yaɗa labaran Amurka. Duk lokacin da ya sabunta littafinsa adadin raguwa yake yi, har a bugun 2004 ya sauko zuwa biyar. Ana iya jayayya da yadda ya yi lissafin, amma babu mai musun inda abin ya dosa.

Ta yaya aka kai ga haka a Amurka?

Doka ce aka yi ta sassautawa mataki-mataki. Hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, wadda aka kafa a 1934, ta ƙayyade a 1954 cewa kada mutum ɗaya ya mallaki tashar talabijin fiye da bakwai. Hujjar ita ce zangon da ake watsa shirye-shirye a kansa na jama'a ne, kuma ba shi da yawa, don haka wanda aka ba lasisi amana aka ba shi. A 1985 aka ɗaga adadin zuwa 12, da sharaɗin kada tashoshin su kai ga fiye da kashi 25 cikin ɗari na gidajen ƙasar. Dokar sadarwa ta 1996, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, ta soke ƙayyade adadi gaba ɗaya, ta ɗaga iyakar zuwa kashi 35. A 2003 FCC ta nemi kai ta 45, jama'a daga ɓangarorin siyasa biyu suka yi ca, majalisa ta tsayar da ita a 39 a 2004.

Akwai wata doka da ba a cika ambata ba, alhali tasirinta babba ne. Tun 1970 an hana manyan tashoshin ƙasa mallakar mafi yawan shirye-shiryen nishaɗin da suke nunawa da dare, domin masu shirya fim masu zaman kansu su sami kasuwa. An gama soke ta a 1995, kuma a shekarar ce Disney ya sanar da sayen ABC a kan dala biliyan 19. Daga nan tasha ta fi son nuna abin da kamfanin gidansu ya shirya, ƙananan masu shiryawa kuwa wasu aka saye su, wasu suka rufe. Dokar 1975 da ta hana mutum ɗaya mallakar jarida da tashar talabijin a gari ɗaya ita ma an soke ta a 2017, Kotun Ƙoli ta tabbatar da sokewar a 2021.

Me ya sa kamfanonin ke rububin haɗewa?

Kuɗin shirya shiri ɗaya ne, ko mutum dubu suka kalla ko miliyan goma. Saboda haka duk wanda ya fi yawan masu kallo shi ke cin riba, ƙarami kuwa kullum a wahale yake. Ga tsadar haƙƙin nuna wasanni: yarjejeniyoyin da hukumar ƙwallon Amurka ta NFL ta ƙulla a 2021 sun haura dala biliyan 100 na tsawon shekara 11, kuɗin da sai ƙattai ke iya ajiyewa. Sannan akwai ƙarfin ciniki. Tun dokar 1992, tashoshin Amurka na da damar neman kamfanonin kebul su biya su kafin su ɗauki shirye-shiryensu. Mai tasha ɗaya roƙo yake yi, mai tasha 200 kuwa farashi yake yankewa.

A 'yan shekarun nan tsoro ya shigo ciki. Kuɗin talla ya koma Google da Facebook, masu kallo sun koma Netflix da YouTube, sai tsofaffin gidajen suka ga in ba su haɗu ba za a cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsoron na gaskiya ne. Sai dai yawancin cinikin da bashi ake yinsa, kuma idan lokacin biya ya zo, ɗakin labarai na daga cikin wuraren da ake fara rage wa ma'aikata, domin bincike na cin kuɗi da lokaci, ba ya kuma kawo talla nan take.

Da gaske mai tasha yana tsoma baki a cikin labarai?

Yana yi, amma ba kasafai ta hanyar da mutane ke zato ba. Ba sai ya ɗaga waya ya ce a cire labari kaza ba. Shi ke naɗa shugaban sashen labarai, shi ke yanke kasafin kuɗi, shi ke sabunta kwantiragi ko ya ƙi. Ɗan jaridar da ya ga abin da ya sami abokin aikinsa ya riga ya san inda iyakarsa take. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babbar ɓarnar tana cikin labarin da ba a taɓa aika kowa ya bincika ba, kuma mai kallo ba shi da hanyar sanin abin da ba a nuna masa ba.

Wani lokaci kuwa abin yakan fito fili. A watan Maris na 2018, kamfanin Sinclair, ɗaya daga cikin mafiya yawan tashoshin garuruwa a Amurka, ya aika wa tashoshinsa rubutu ɗaya ya ce masu karanta labarai su karanta, kan haɗarin labaran ƙarya da son rai a sauran kafafe. Da aka haɗa hotunan wuri ɗaya, sai ga gomman mutane a garuruwa daban-daban suna furta kalmomi iri ɗaya, kowanne da fuskar da mutanen garinsa suka yarda da ita shekara da shekaru. Masu kallon sun ɗauka ɗan garinsu ne ke faɗin ra'ayinsa. Masana biyu, Gregory Martin da Josh McCrain, sun wallafa bincike a 2019 kan tashoshin da Sinclair ya saya. Sun gano labaran siyasar ƙasa sun ƙaru, na siyasar gari sun ragu, salon kuma ya karkata ga masu ra'ayin riƙau. Raguwar labaran gari ta fi damuna fiye da karkatar, domin majalisar gari da 'yan sandan gari da hukumar makarantu ba su da wani mai sa musu ido in tashar garin ta kawar da kai.

Akwai kuma ɓangaren da ake yawan mantawa. Girman kamfani ba ya sa shi jarunta a gaban gwamnati, sau da yawa rauni yake ƙara masa, saboda abin da zai rasa ya yi yawa. A 2024 Donald Trump ya kai CBS ƙara kan yadda aka tace wata hira da Kamala Harris a shirin 60 Minutes. Lauyoyi da yawa sun ce ƙarar ba ta da ƙarfi. Amma a lokacin Paramount na jiran amincewar FCC domin haɗewa da kamfanin fina-finai na Skydance. Shugaban shirin ya ajiye aiki a Afrilun 2025 yana cewa an hana shi 'yancin gudanar da aikinsa. A Yuli kamfanin ya biya dala miliyan 16 aka sasanta, kuma kafin watan ya ƙare aka amince da cinikin. Paramount ya ce babu alaƙa tsakanin biyun. A Satumba kuma, bayan shugaban FCC ya soki wasu kalaman Jimmy Kimmel, mai shirin barkwanci na dare a ABC, Sinclair da Nexstar, wani babban mai tashoshin garuruwa, suka ce tashoshinsu ba za su nuna shirinsa ba, ABC ta dakatar da shi na kwanaki. Wata guda kafin nan Nexstar ya sanar da shirin sayen takwaransa Tegna a kan dala biliyan 6.2, cinikin da a lokacin ke buƙatar yardar FCC. Shi ma ya musanta alaƙa. Ko ma mene ne ke zukatansu, lissafin a bayyane yake: da tashoshin nan na hannun mutum ɗari ne, da sai an bi ɗari ɗin ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe bakin mutum guda.

Matsalar Amurka ce kaɗai?

Ko kusa. Italiya ce misalin da aka fi kawowa. Silvio Berlusconi ya mallaki Canale 5, Italia 1 da Rete 4, sannan ya zama firaminista a 1994, ya dawo daga 2001 zuwa 2006, ya sake dawowa daga 2008 zuwa 2011. Da yake masu rinjaye a majalisa na da ta cewa wajen naɗa shugabannin gidan talabijin na gwamnati, RAI, mai tashoshi uku, sai ya zama shida daga cikin manyan tashoshi bakwai na ƙasar suna ƙarƙashin inuwarsa. A 2002, yana ziyara a Bulgeriya, ya ambaci sunayen 'yan jarida Enzo Biagi da Michele Santoro da ɗan barkwanci Daniele Luttazzi yana zarginsu da amfani da RAI ta mummunar hanya. Ba a daɗe ba aka daina ganinsu a RAI.

A Indiya, Reliance na Mukesh Ambani ya karɓi Network18 a 2014, ya haɗa harkar talabijin ɗinsa da ta Disney a ƙasar a 2024. Rukunin Adani, mai tashoshin jiragen ruwa da filayen jiragen sama da wutar lantarki, ya karɓi NDTV a 2022, tashar da aka sani da yi wa gwamnati tambayoyi masu zafi, kuma fitaccen ɗan jaridarta Ravish Kumar ya yi murabus. A Faransa, bayan attajiri Vincent Bolloré ya karɓi ragamar Canal+, ma'aikatan tashar labarai ta iTélé sun yi yajin aiki na wata guda a 2016, da yawansu suka bar aiki, tashar ta koma CNews da sabon salo. Canal+ ɗin ne kuma ya karɓi MultiChoice, mai DStv, a 2025, wato manyan masu talabijin na biya a ƙasashen Afirka masu Faransanci da masu Ingilishi sun zama gida ɗaya.

A wasu wurare gwamnati ce ke shirya tattaruwar da hannun aminanta. A Turkiyya an sayar da rukunin Doğan, mai Kanal D da CNN Türk, ga Demirören mai kusanci da gwamnati a 2018. A Hungary a shekarar, 'yan kasuwa masu goyon bayan firaministan lokacin, Viktor Orbán, sun miƙa kafafe sama da 400 ga gidauniya ɗaya, gwamnati ta ayyana lamarin a matsayin muhimmi ga ƙasa, ta hana hukumar gasa bincikarsa.

Ashe babu wani alheri a girman kamfani?

Akwai. Ajiye wakili a filin yaƙi, ɗaukar lauyoyin da za su kare ɗan jarida a kotu, shafe wata shida kan bincike ɗaya, duk sai mai ƙarfi. Akwai ƙananan tashoshin da da ba a saye su ba da tuni sun rufe. Kuma ƙaramin mai tasha ba waliyyi ba ne: yana iya zama ɗan siyasar gari da ke amfani da ita wajen cin mutuncin abokan hamayya, ko ya rayu a tafin hannun mai talla guda. Bambancin shi ne ɓarnarsa a garinsa take tsayawa, kuma akwai maƙwabciyar tasha da za ta iya ƙaryata shi.

Haɗewa na rage wa mai kallo kuɗi kamar yadda ake alkawari?

Alkawarin kusan kullum ɗaya ne, cewa za a rage ɓarna a inganta shirye-shirye. Tarihin manyan cinikin bai goyi bayansa sosai ba. Haɗewar kamfanin intanet na AOL da Time Warner, mai CNN da HBO a lokacin, da aka sanar a 2000 ta jawo asarar kusan dala biliyan 99 a 2002 kaɗai. Kamfanin sadarwa na AT&T ya sayi Time Warner a 2018 a kan dala biliyan 85, bayan shekara huɗu ya rabu da shi. Ma'aikata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu a duka biyun.

Mai kallo kuwa yakan tsinci kansa a tsakiyar faɗan ƙattai. A ƙarshen Agustan 2023 Disney da kamfanin kebul na Charter suka kasa daidaitawa kan farashi, gidaje kusan miliyan 15 suka rasa ESPN da sauran tashoshin Disney sama da kwana goma.

In akwai iyakar kashi 39, ta yaya wasu suka wuce ta?

Da dabaru biyu. Tun 1985 ake lissafa tashar da ke kan zangon UHF da rabin gidajen da take kaiwa, saboda a da hotonta ba ya fita sosai. Da aka koma watsawa ta dijital a 2009 wannan raunin ya kau. An soke rangwamen a 2016, aka dawo da shi a 2017. Da shi kamfani zai iya kaiwa ga gidaje fiye da kashi 60 amma a takarda yana ƙasa da 39.

Dabara ta biyu ita ce ajiye lasisi da sunan wani ƙaramin kamfani, babban kuma ya riƙa gudanar da komai ta yarjejeniya: talla, labarai, gini, ma'aikata. Haka dangantakar Mission Broadcasting da Nexstar take, haka ta Cunningham da Sinclair. A gari ɗaya za ka ga tashoshi biyu masu suna daban, amma ɗakin labarai ɗaya ke ciyar da su. Irin wannan tsari na cikin abin da ya rusa yunƙurin Sinclair na sayen kamfanin tashoshi na Tribune a 2018, lokacin da FCC ta nuna shakku kan ko waɗanda za a sayar wa wasu tashoshin masu zaman kansu ne da gaske. Shekara guda bayan haka Nexstar ya sayi Tribune ɗin.

Akwai inda doka ta taɓa taka musu birki?

Akwai, kuma ya kamata a sani, domin ana yawan nuna kamar abin ba shi da makawa. Jamus na auna kason masu kallo: kamfanin da ya kai kashi 30 ana ɗaukarsa a matsayin mai rinjaye kan ra'ayin jama'a. A 2006 an hana Axel Springer, mai jaridar Bild, sayen kamfanin talabijin na ProSiebenSat.1. A Faransa, TF1 da M6 sun janye shirin haɗewa a 2022 bayan hukumar gasa ta nuna za su mamaye kasuwar tallan talabijin. A Birtaniya minista na da ikon tura ciniki a bincika ko zai rage yawan muryoyi. Kamfanin Rupert Murdoch ya janye neman mallakar kamfanin talabijin na BSkyB (wanda daga baya ya koma Sky) gaba ɗaya a 2011 sakamakon badaƙalar kutsen waya, kuma da ya sake nema, hukumar gasa ta ce a 2018 cinikin zai ba iyalinsa tasiri fiye da kima. Comcast ne ya saye Sky a ƙarshe.

Ostareliya ta bi akasin haka. A 2017 ta soke dokar da ta hana mutum haɗa talabijin, rediyo da jarida a kasuwa ɗaya, a 2018 tashar Nine ta haɗiye kamfanin jaridu na Fairfax. Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar 'yancin kafafen yaɗa labarai a 2024, wadda ta wajabta wa kafafe bayyana masu su na haƙiƙa da kuɗin tallan da suke samu daga gwamnati.

To, ba gara gwamnati ta riƙe ba?

Babakeren gwamnati ya fi muni, domin ita ke da 'yan sanda da gidan yari. Abin da ya yi amfani a wasu ƙasashe shi ne gidan talabijin na jama'a da aka kange daga masu mulki, kuɗinsa na zuwa ta hanyar da minista ba zai iya toshewa cikin dare ɗaya ba, kamar BBC a Birtaniya ko ARD da ZDF a Jamus. Su ma ana matsa musu ta wajen naɗe-naɗe da kasafi, kuma labarin RAI ya nuna abin da ke faruwa in katangar ta yi rauni.

Intanet bai warware matsalar ba?

Ya buɗe ƙofa ga duk mai waya ya watsa abin da yake so, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma dandalin da ake watsawa a kai ya fi talabijin tattaruwa. YouTube na Google ne tun 2006. Amazon ya sayi MGM a 2022. Disney+, Peacock da Paramount+ na tsofaffin ƙattan ne. Sannan mafi yawan labaran da ake yayatawa a intanet wani ɗakin labarai ne ya fara biyan ɗan jarida ya je ya samo su. In ɗakunan sun ragu, masu sharhi za su ƙaru a kan labarai kaɗan.

Ta yaya mai kallo zai san wanda ke da tashar da yake kallo?

Ka fara da ƙarshen shiri, inda ake rubuta sunan kamfanin da ke da haƙƙin mallaka, ko ƙasan shafin tashar na intanet. Hukumomin ba da lasisi a ƙasashe da yawa suna wallafa sunayen masu lasisi, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari kuma dole su fitar da rahoton shekara mai jerin rassansu. Kada ka tsaya a sunan farko, ka bi shi har kamfanin da ke sama, ka duba sauran sana'o'insa da abin da yake nema a wajen gwamnati.

Ka kuma lura da bambancin yawan hannun jari da ƙarfin ƙuri'a, domin kamfanonin watsa labarai da yawa suna da hannun jari iri biyu, ɗaya mai ƙuri'a, ɗaya maras ita ko mai ƙarancinta. Brian Roberts na riƙe da kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'un Comcast alhali jarinsa a kamfanin ƙalilan ne. Iyalin Redstone sun juya Paramount da kusan kashi 80 na ƙuri'u, da jarin da bai wuce kashi 10 da wani abu ba, har zuwa sayar da shi a 2025.